Yadda ake riƙe tsohuwar Nissan 300ZX mai turbo biyu a zafin Jidda

Samarinmu da ke kawo min irin wannan motar a warsha, wato gareji, kusan dukkansu da tambaya ɗaya suke farawa: yaya za a ƙara mata ƙarfi? Ni kuwa sai in ce a buɗe bonet tukuna. Motar da ta fito a 1989, aka daina ƙera ta a 2000, ko autar cikinsu ta haura shekara ashirin, kuma duk robar da ke jikinta ta sha zafin da ba don shi aka yi ta ba. Injinta VG30DETT ne, mai silinda shida, lita uku, da turbo biyu, yana ba da ƙarfin doki 300 a masu giyar hannu da aka kai Amurka. Ƙarfin yana nan. Abin da ke kashe ta a ƙasar nan zafi ne, domin Nissan ta cusa injin a wurin da hannu ma da ƙyar yake shiga, iska ba ta samun hanyar zagayawa.

Don haka, ƙanena, idan ka sayi ɗaya, fara da ruwa. Ciro lagireto gaba ɗaya ka ɗaga shi a hasken rana. Ƙura da gishirin iskar Bahar Maliya suna toshe tsakanin ƙarafunansa, suna kuma cinye su. In ya soma ruɓewa kada ka kai a liƙe, sayi sabo na alminiyom. Da injin a kashe kuma da zafinsa, juya fankar gaba da hannu: in ta yi ta juyawa sakayau babu turjiya, kulocinta ya mutu, kuma ita ce za ta sa allurar zafi ta tashi a cunkoson titin Madina da la'asar. Kada ka yarda wani ya cire maka tamostat da sunan wai ruwa zai fi gudu. Wannan al'ada ce da muka taho da ita daga gida, kuma ba ta da amfani a wannan injin. Ruwan famfo ma haramun ne a gare shi; zuba ruwan lagireto na gaske, gauraye da tataccen ruwa rabi da rabi.

Akwai ƙananan tiyo na ruwa da na fetur da suke kwance ƙarƙashin babban murfin da ke raba iska ga silindoji. Ba a ganinsu sai an ɗaga murfin, shi ya sa masu sayarwa ba sa taɓa su. Na sha ciro irinsu in lanƙwasa da yatsa biyu su karye kamar busasshen kara. Na ruwan in ya fashe ka yi asarar gasket. Na fetur in ya tsage, man yana zuba ne a kan inji mai zafi, kuma motoci da yawa irin wannan wuta ce ajalinsu. Duk ranar da ka ji warin fetur da safe bayan ka tayar da ita, kashe ta nan take. Ranar da aka ɗaga murfin nan a canza tiyon duka, sabo da tsoho ba sa zama tare, kuma a yi amfani da tiyon da aka yi don matsin nozul, wato masu fesa fetur cikin inji, da maɗauran da ba sa yanka roba. A duba kawunan wayoyin nozul ɗin a lokacin. In ka ga kore-kore a bakinsu tsatsa ce, ita ce ke sa motar ta riƙa rawa a silo kamar fulogi ya mutu.

Sai tayimin bel, wanda ke daidaita motsin bawul da na fistin. Ana canza shi duk bayan mil 60,000, wato kusan kilomita 96,000, amma a nan shekaru sun fi kilomita muhimmanci, don motar da ke ajiye ma bel ɗinta yana bushewa. In ya tsinke injin na tafiya, fistin zai daki bawul, aikin ya koma na sauke inji. In mai sayarwa bai nuna maka takardar canjin ba, ɗauka ba a canza ba. A haɗa da famfon ruwa da tayoyin da ke ja wa bel ɗin, tunda hanya ɗaya ce.

Baƙin mai kuwa ni ba na bari ya wuce kilomita 5,000. Shi ke sanyaya sandar turbo, shi ke sa ta santsi. In ka hau Aƙabar Hada, hanyar dutsen da ke zuwa Ɗa'ifa, ko ka taho da gudu daga Makka, kada ka tsaya ka murɗe makulli. Bar ta a silo minti ɗaya ko biyu, man ya zagaya ya kwashe zafin, in ba haka ba sai ya ƙone ya daskare a cikin siririn bututun da ke kai shi. Ka kula da wannan sosai, domin a wannan motar canjin turbo yawanci sai an fitar da injin waje. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa mai ne yake ƙonewa, fari mai ƙamshin zaƙi ruwa ne, baƙi kuma fetur ya yi yawa.

Idan ta rasa ƙarfi, kafin ka zargi turbo ka tambayi ƙwaƙwalwarta, wato kwamfutar da ke sarrafa injin. Tana ƙarƙashin kafet, wajen ƙafar fasinja, kuma a yawancin shekarunta tana magana ne da wata 'yar jar fitila. Ana sa ta a yanayin bincike, sai ta riƙa ƙiftawa: dogayen ƙifce su ne gomomi, gajeru su ne ɗaiɗaiku. Lamba 55 lafiya lau ke nan. Lamba 12 sensar auna iska ce, 13 sensar zafin ruwa. Wadda na fi gamuwa da ita 34 ce, ta sensar da ke sauraron ƙwanƙwasar inji. Wayarta na bi ta tsakiyar injin inda zafi ya fi tsanani, sai ta gasu, ƙwaƙwalwar kuma ta rage matsin iskar turbo daga wajen fam 9 a ma'aunin matsin iska (psi) zuwa wajen 7 don kare injin. Mai mota sai ya ɗauka turbo ne ya gaji, ya tafi tashlihin Bariman, kasuwar kayan matattun motoci, neman wani, alhali waya ce. Wasu kuma suna sa ɗan ƙarfen yaudara a wurin don lambar ta ɓace. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. A zafin Agusta sensar nan ita kaɗai ke tsakaninka da narkewar fistin.

In babu lamba amma tana shaƙewa idan ka taka, iska ce ke zurarewa. Cire iyakilina, toshe bakin bututun, hura iska kaɗan da kwamfaresa, kada ta wuce fam 7, sannan ka bi mahaɗun da ruwan sabulu har zuwa intakula biyun, masu sanyaya iskar turbo, da ke bayan bamba dama da hagu. Inda ya yi kumfa nan ne. Idan kuma tana mutuwa haka kawai in ta yi zafi, ta tashi bayan ta huce, duba ɗan akwatin da ke raba wuta ga kwayil, wanda ke manne a gaban injin. Na shekarun farko sun shahara da wannan cutar.

Bayan duk wannan ne maganar ƙari take tasowa. Tsarin da nake bi shi ne salansa mai faɗi, sabon famfon fetur, agogon auna matsin iska da na auna cakuɗar mai da iska, sannan a daidaita ƙwaƙwalwar kafin a taɓa matsin iskar turbo. Nozul ɗinta na asali 370cc ne, suna da iyakar abin da za su iya zubawa, kuma in iska ta fi mai yawa fistin ne ke biya. Da su, a yanayin Jidda, ni ba na wuce fam 12. Fetur kuma ja, mai lamba 95. Koren 91 ba nata ba ne ko da ba a yi mata komai ba.

Ka ajiye salansar asali da duk abin da ka cire a gida, don fahas, wato binciken lafiyar mota, yana jiranka kafin a sabunta istimara, takardar rajistarta, kuma canza fasalin mota ba da izini ba laifi ne a wurin 'yan murur, 'yan sandan kan titi. Ka karanta lambobi huɗun da ke gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tayar da ta kai shekara biyar a kwaltar nan a cire ta ko da zanenta bai goge ba, a zubar da tsohon man burki a sa sabo a rana guda.