Yadda Ake Haɗa Mutum-mutumi Mai Taya da Ke Kauce wa Bango

Yawancin masu koyon da na ga sun watsar da wannan aikin ba rubuta manhaja ne ya gagare su ba, wuta ce ta ba su kashi. Don haka a nan zan fi daɗewa.

Kayan da za ka tanada: allon Arduino Uno (ƙwaƙwalwar da ke ɗauke da manhaja), allon L298N mai sarrafa moto, ƙananan moto guda biyu masu giya, irin rawayan nan da ake kira TT, da tayoyinsu, idon HC-SR04 mai auna tazara, batir 18650 guda biyu da gidansu, makunni, da wayoyi. Kada ka ɓata kuɗi kan Arduino na asali ɗan Italiya. Kwaikwayon China yana aiki sarai, sai dai yawancinsu sai ka saka wa kwamfutarka wata 'yar manhaja, direban CH340, kafin ta gane shi. Gangar jiki kuma ba sai ka saya ba. Falankin katako marar nauyi ko murfin robar abinci ya wadatar.

Fara da ɗaure moto biyun a gefe da gefe, ka sa ƙaramar taya mai juyawa a gaba. Wayoyin moto ka like su da dalma. Murɗawa da hannu ba ta riƙewa, da motar, wato mutum-mutumin, ta yi karo biyu sai ta zare. In ba ka da ƙarfen like, mai gyaran rediyo ko waya zai yi maka a tsaye.

Yanzu wuta. Abu na farko, ka manta da batirin nan mai kusurwa huɗu na volt 9. Yaro zai ga an rubuta 9 ya ce ai ya fi ƙarfi, alhali wutar da yake iya turawa a lokaci guda kaɗan ce. Fitilar allo za ta kama, kowa ya yi murna, da moto ya yunƙura sai wuta ta faɗi, Arduino ya mutu ya sake tashi, motar ta riƙa zabura tana tsayawa. Daga nan sai a shiga zargin manhaja, a yi ta goge layuka masu lafiya.

Batir 18650 ɗaya volt 3.7 ne, in ya cika ya kai 4.2. Ka jera biyu, kan ɗaya a gindin ɗaya, su ba ka tsakanin 7.4 da 8.4. Za ka ce moto na TT bai wuce volt 6 ba, to L298N da kansa yana cinye kusan volt 2 kafin wutar ta isa moto, sai lissafi ya daidaita. Ana samun irin wannan batir a cikin tsohon batirin laftof, amma duk wanda ya kumbura ko rigarsa ta yage, a bar shi. Kuma a yi cajinsa da cajar da aka yi dominsa, ba dabara.

Abu na biyu, kada ka kuskura ka jona moto kai tsaye a ƙafar Arduino, wato ramukan nan masu lamba da ke gefen allon. Ƙafa ɗaya miliamfiya 20 aka so ta ɗauka, 40 ita ce iyakarta, moto kuwa ɗaruruwa yake ja. Aikin L298N kenan: Arduino ya ba da umarni, shi ya ɗauki nauyi.

Na uku shi ne wanda ya fi cin mutane. Jan waya daga batir ya bi ta makunni zuwa ramin 12V na L298N, baƙi zuwa raminsa na GND. Daga wannan GND ɗin dole ka ja wata waya zuwa GND na Arduino. In babu ita, allunan biyu ba sa jin maganar juna, moto ya yi shiru ko ya juya yadda ya ga dama, kuma komai a ido daidai yake. Arduino kuma ka ba shi wuta daga jan wayar batir zuwa ƙafarsa ta Vin.

Sauran mai sauƙi ne. IN1 zuwa IN4 na L298N su tafi ƙafafu huɗu na Arduino, ban da 0 da 1, don su ne hanyar loda manhaja. ENA da ENB na L298N ka cire musu 'yan hulunansu, ka kai su ƙafafu masu alamar ~, kamar 5 da 6, don ka iya rage gudu. Ni a gudun 150 cikin 255 nake farawa a manhaja.

Idon HC-SR04 kamar jemage yake aiki: ya aika sauti, ya jira amsa-kuwwa. Ka ba ƙafarsa ta Trig wuta na mikrosakan 10, ka auna daɗewar wuta a ƙafarsa ta Echo da mikrosakan, ka raba da 58, ka sami tazara da santimita. Ka rubuta cewa in tazara ta gaza 20, motar ta tsaya, ta ja baya kaɗan, ta juya dama, ta ci gaba.

Gwajin farko ka ɗora ta a kan kofi, tayoyi na reto. In taya ɗaya na juyawa baya, musanya wayoyin wannan moto kawai. Kuma a gaban bango ko kwali za ka gwada, don labule da katifa suna shanye sautin, sai ta afka musu.