Dabarar dafa wake ba tare da ƙona gawayi da yawa ba

'Yan uwa mata, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya hau, komai ya bi shi, har gawayi. Ga yadda nake lallaɓawa. Ina jiƙa wake tun dare. Da safe idan ya tafasa kamar minti 15, sai in sauke tukunyar da murfinta, in naɗe ta da tsohon bargo, in cusa a kwando. Kada a buɗe, ko yara sun dame ki da kukan yunwa! Bayan awa uku za ki tarar ya yi luguf, da zafinsa. Shinkafa ma haka, ita awa ɗaya ta ishe ta. Sai dai a duba gindin tukunyar tukuna, kada garwashi ya kama bargon.