Yadda na hana bel ɗin mota goge min na'urar ƙirji

Na'urar da aka dasa min don karɓar maganin cutar kansa tana ƙarƙashin fata, a ƙirjin dama, siririn bututunta ya shiga babbar jijiyar jini. Ta hutar da hannuwana daga sukar allura, amma duk tafiya daga Daura zuwa Katsina sai bel ya goge wurin har ya yi ja.

Ashe kujerar gaba ce: a can bel yana saukowa ta kafaɗar dama. Na koma baya, ɓangaren direba, sai ya bi ta hagu. In dole sai gaba, akwai ɗan matashin auduga da ƙanwata ta ɗinka min, ina ɗaure shi a bel ɗin.

Kumburi ko zazzaɓi kam ba na jira, a ranar nake zuwa asibiti.