Yadda Ake Kawo Madogara daga Mujallu da Jaridu a Salon MLA

Ɗalibin adabi ko harshe da ya ɗauko magana daga wata maƙala, wajibi ne ya nuna wa mai karatu hanyar da zai bi ya iske ta da kansa. Salon MLA, wato tsarin kawo madogara na ƙungiyar Modern Language Association ta Amurka, wanda bugunsa na 9 ya fito a 2021, ya yi fice a waɗannan fannoni, ko da yake sassa da yawa a jami'o'inmu sun fi son wani salon daban mai suna APA, don haka a fara tambayar malami mai duba aikin.

A jerin madogara na ƙarshen aiki, idan mujallar ilimi ce, ana fara rubuta sunan marubuci na ƙarshe, waƙafi, sai sunansa na farko. Taken maƙalar yana shiga cikin alamar zance, sunan mujallar kuwa a karkataccen rubutu, sannan kundi, da lambar fitowa, da shekara, da shafuka. Misali, maƙalar Joseph Greenberg kan tsarin sautin Hausa ta fito a mujallar Language, kundi na 17, lamba ta 4, shekarar 1941, shafi na 316 zuwa 323. Wanda ya karanta ta a intanet sai ya ƙara lambar DOI, wato lambar shaida ta dindindin da ake gano maƙala da ita a intanet, a ƙarshe. A cikin rubutu kuma, sunan Greenberg da lambar shafi kawai ake sawa a baka biyu, babu waƙafi tsakaninsu.

Jarida da mujallar labarai ba da kundi ake gane su ba, da kwanan wata ne, kuma a nan ɗalibai suka fi yin tuntuɓe. Wanda ya ambaci Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ya ba da shekara kaɗai, ya bar mai karatu da jibgin takardu. A rubuta rana, da wata, da shekara. Na ga ɗalibar da ta ɗauki hoton wani tsohon shafi a ɗakin adana takardu, amma wayarta ta yanke saman shafin inda kwanan watan yake, dole ta sake yin tafiyar. Shawarata ita ce a kwafe waɗannan bayanai tun jaridar tana hannu.

Labarin da bai zo da sunan marubuci ba, da takensa ake farawa. Idan kuma ya tsallaka zuwa wani shafi can gaba, sai a rubuta shafin farko tare da alamar tarawa, kamar 1+.