Kurakuran da 'yan fim ɗin Zango ke maimaitawa a bukukuwan fina-finai na Accra

Na gaji da jin magana ɗaya duk shekara. Yaro zai fito daga unguwar Nima ko Mamobi ko Madina a nan Accra da fuska a murtuke, ya ce ya tura fim ɗinsa bikin baje koli an ƙi ɗauka, kuma ya riga ya yanke hukunci: ba a son 'yan Zango. In ka ce ya kunna fim ɗin a gani, kafin shayi ya huce ka hango abin da ya kayar da shi, kuma shi ne dai abin da ya kayar da na bara. Ban ce babu son kai a harkar ba, ko'ina akwai shi. Amma yawancin finafinanmu a hannunmu suke mutuwa tun kafin su kai gaban alƙalai.

Ƙofofin kuwa suna nan. Akwai bikin Black Star da Juliet Asante ta kafa a 2015, akwai Accra Indie Filmfest na gajerun finafinai, akwai Ndiva da ya karkata ga aikin mata. Ana haska finafinai a Silverbird na Accra Mall, ana yi a Goethe-Institut da Alliance Française. Mu kuma ba baƙin silima ba ne. Iyayenmu sun yi layi a silimar Dunia nan Nima, sun taka zuwa Orion a Circle. Kallo dai mun gada. Abin da ba mu koya ba shi ne yadda ake kai fim inda za a auna shi.

Babban abin da ke ɓata mini rai shi ne gaggawar ɗora fim a YouTube. An gama haɗa fim daren Alhamis, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya hau intanet, an rarraba shi a duk wani zauren WhatsApp na unguwa. Bayan wata biyu sai darakta ya ji labarin biki, ya cike takarda, ya biya kuɗi, ya zauna jiran kira. Ƙanena, wa zai kira ka? Mai shirya biki yana neman abin da zai sa mutum ya bar gidansa, ya shiga trotro, wato motar haya, ya sayi tikiti. Abin da ke cikin wayar kowa kyauta ba ya jawo kowa. Kamar ka bi gida-gida ka raba wa mutane waakye ne da asuba, sannan da hantsi ka kafa tebur kana mamakin rashin ciniki.

Ba kowane biki ne ke hana fim ɗin da ya hau intanet ba, wasu na gajerun finafinai sukan karɓa. Amma manya irin na Cannes da Berlin da Toronto suna ba hasken farko muhimmanci ƙwarai, ƙanana da yawa kuma sun bi sahunsu. Sharaɗin yana rubuce a ƙa'idojin biki, a shafinsa ko a shafin FilmFreeway, inda akasari ake tura finafinai, sai dai ba mai karantawa. Ana gangarawa ƙasa ne kawai a nemi wurin danna "tura". Kuma kada ka ce za ka goge daga baya. Wanda ya sauke ya sauke, wani ya yanka ya zuba a TikTok, mai tantancewa kuma sunan fim ɗin kawai zai rubuta ya gan shi. Ni abin da nake yi, fim ba ya fita daga hannuna sai ta shafin bidiyo na Vimeo da kalmar sirri, kuma ba na ba jarumai kwafi ko da sun yi fushi. Suna yi kuwa. Akwai wadda ta daina gaishe ni a kan haka, na haƙura. Tirela ta minti ɗaya da fasta sun isa a nuna wa dangi. Fim ɗin kansa ya zaga bukukuwa tukuna, shekara guda ko fiye, YouTube ba inda za shi.

Daga nan sai rubutun fassara da ke fitowa a ƙasan allo. A nan ne na taɓa yin asarar da har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Mu tuna inda muke. Zauren silima a Accra cike yake da masu jin Twi da Ga da Ewe da Turanci, ga baƙi daga waje. Mai jin Hausa a ciki ƙalilan ne, a teburin alƙalai kuwa ba lallai a samu ko ɗaya ba. Wato fim ɗinka na Hausa, a wurinsu, waɗannan layukan na ƙasa su ne labarin. Amma mu mun mai da su aikin daren ƙarshe. Wani fim da na zuba kuɗina da gumina a ciki, an yi wahalar ɗauka a lungunan Sabon Zango, an yi haƙuri da ruwan sama da ɗaukewar wuta, sai aka miƙa fassarar ga wani yaro don kawai an ce ya gama sakandare. Ranar haskawa ina zaune a baya ina jin abin da ke faruwa. Inda aka shirya a yi dariya, tsit. Inda uwa ke kuka a kan ɗanta, sai ga dariya ta tashi daga gaba, saboda abin da aka rubuta ya fita daga hanya. Akwai fitowar da kaka ke tsokanar jikanta tana kiransa mijinta, wasan da kowane ɗan Zango ya tashi a cikinsa. Aka rubuta shi tsurarsa, ba a yi dabarar da za ta nuna wasa ne ba. Bayan an kunna fitila wata baƙuwa ta tashi ta tambayi darakta, da gaske take, me ya sa fim ɗin bai ce komai ba a kan auren tsohuwa da ƙaramin yaro. Ga rubutun fari ne, jarumi kuma yana sanye da farar shadda, rabin maganarsa ta narke a ƙirjinsa. Ba mu samu komai ba a wannan biki, kuma mutumin da ya nuna sha'awar kai fim ɗin wani wuri bai sake ɗaga waya ba.

Don Allah ku daina wannan sakarci. Za ku biya mai kyamara, ku biya mai kwalliya, ku sayi shinkafa ku ciyar da mutum ashirin a wurin ɗauka, amma wanda zai isar da maganarku ga duniya sai ku ce a yi muku don zumunci? Tun daga ranar na kafa wa kaina doka. Mutum biyu ke yi mini fassara: ɗaya wanda Hausa ta zauna masa, har da irin tamu ta nan da ke gauraye da Twi da Turanci, ɗaya kuma wanda Turancinsa ya nuna. In sun gama, sai in nemo wanda ba ya jin Hausa ko kaɗan, galibi wata maƙwabciyata 'yar Ga, in zaunar da ita ta kalla, sannan ta ba ni labarin da bakinta. Duk inda labarinta ya saɓa da nawa, nan za mu koma. Layi kada ya wuce biyu a allo, kowanne harafi 40 ko kusa da haka, a bar shi ya daɗe gwargwadon yadda mai karatu a hankali zai gama. A sa masa baƙin gefe don ya fito a kan farin kaya. A kuma ajiye fassarar daban a fayil na SRT, tare da kwafin fim marar rubutu, domin in ka samu shiga bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu za ka buƙaci ta Faransanci. Ba mafarki ba ne: bikin yana nan tun 1969 a maƙwabtanmu Burkina Faso, duk bayan shekara biyu, kuma Kwaw Ansah na Ghana ya ɗauko babbar kyautarsa a 1989.

Sauti ma yana kashe mu, kuma laifin wayar hannu ne. A waya komai lafiya lau. A zauren silima mai manyan lasifiku, sai ka ji janareton maƙwabta ya fi jarumi murya, ga hon ɗin trotro na titin Nima, ga mai tallan ruwa. Mai kallo yana yafe hoto mai ɗan duhu, amma ba ya yafe maganar da sai ya ƙure kunne. Ka yi hayar makirufo na gaske da mai riƙe shi. Ni da sassafe nake ɗaukar fitowar waje, bayan asuba kafin gari ya tashi, kuma ranar Lahadi nakan duba ko akwai coci kusa kafin in kafa kyamara.

Sai waƙar aro. Edita ya ga fitowar soyayya, ya ciro kiɗan Indiya ko wata waƙar Kano da ke tashe ya liƙa. Takardar shiga biki tana sa ka tabbatar da cewa duk abin da ke cikin fim ɗin kana da izininsa, ga kuma dokar haƙƙin mallaka ta Ghana ta 2005. Ka sa hannu a kan ƙarya ke nan. Alhali Zango cike yake da yara masu situdiyo da masu kalangu da mata masu waƙen biki. Ka biya ɗaya ya yi maka naka, ku rubuta yarjejeniya a takarda ko da shafi ɗaya ce.

Tsayi: gajeren fim a ƙa'idar masu kyautar Oscar bai wuce minti 40 ba, har da sunaye, amma mai tsara jadawali ya fi samun gurbi ga na minti 10 zuwa 15. Kuma a daina buɗe fim da minti uku na godiya ga Alhaji wane da Hajiya wance. A mayar da su ƙarshe, ba za su rage daraja ba.

Kada ka jira ranar rufe karɓa, kuɗin shiga yakan ƙaru a ƙarshe, intanet kuma ranar yake ƙin tafiya.

Kada ka zo da fim a filash ranar haskawa kana haki. Ka tambayi irin fayil ɗin da suke so tun da wuri, wasu manyan silima DCP suke nema, wato fayil na musamman na majigin silima, ka kuma roƙi a gwada a kan majiginsu kafin ranar.

In wani biki da ba ka taɓa ji ba ya aiko maka saƙo yana yabon fim ɗin da bai gani ba, ya ce ka turo kuɗi za a ba ka lambar yabo, ka tambaye shi a wane zaure ya haska finafinai bara. In babu amsa, riƙe kuɗinka.

Ga kuma hukuma. Dokar fim ta 2016 ce ta kafa Hukumar Fina-finai ta Ƙasa, kuma a ƙarƙashinta ake tantance fim a sa masa matakin shekarun masu kallo kafin a nuna wa jama'a. Ka tambayi masu biki ko su ke ɗaukar wannan nauyi ko kai, musamman in kana da niyyar kama zaure ka sayar da tikiti da kanka daga baya.

Akwai wata ɗabi'a da ke ba ni kunya fiye da duk waɗannan ƙanana. Namu ya samu shiga, sai ya cika mota da abokai da 'yan uwa, an sha shadda da turare, a zo daidai lokacin fim ɗinsa, a yi ta shewa, ana gamawa a miƙe gaba ɗaya a fice ana hayaniya alhali fim ɗin wani ya fara. Waje za a je ɗaukar hoto a gaban allon talla. Wanda aka tashi a kan fim ɗinsa yana kallonku, kuma wataƙila shi ne mai kyamarar da za ka nema baɗi. Zaman tambaya da amsa da kuke gudu, nan ne ake gane wanda ya san abin da ya yi. Bitocin safe da ba kwa zuwa, yawancinsu kyauta ko da kuɗi kaɗan, nan ne ɗaliban NAFTI, makarantar koyon fim da talabijin, suke cika kujeru. An kafa makarantar tun 1978, suna da malamai da kayan aiki, amma ba su raina zaman awa biyu da wanda ya fi su sani ba. Kai da ka koyi haɗa hoto a waya, me ya fi ƙarfinka? Ni ina zuwa da ɗan littafi, in rubuta sunan duk wanda sautinsa ko haskensa ya burge ni, in bi shi a waje in karɓi lamba. Kuma in aka ba ka makirufo, ka shirya jimla biyu da za su faɗi labarin fim ɗinka da Turanci. In Turancin bai zauna ba, ka yi Hausarka da ƙarfin gwiwa, ka zo da mai fassara. Ya fi kame-kame.

Masu zuwa kallo kawai, ku ma kuna da naku. Jadawalin biki yakan sauya, a duba shafinsu da safiyar ranar, a kuma tabbatar da zauren, don biki ɗaya yakan rarrabu wurare da dama. Wanda ya tashi daga Nima ƙarfe biyar na yamma yana son kama fim ɗin ƙarfe shida a Accra Mall bai san cunkoson Tetteh Quarshie ba, balle mai tafiya West Hills Mall ta hanyar Kasoa. A duba matakin shekaru kafin a ɗebo yara, fim ɗin biki ba duka ne na zama da iyali ba. A kashe ƙarar waya, kuma kada a ɗaga ta ana ɗaukar allo, wannan shi ne satar da muke kuka da ita in an yi wa namu. Magariba takan faɗa tsakiyar haskawar yamma, don haka nakan zo da alwala da 'yar dardumata, in zauna a kujerar gefe kusa da ƙofa yadda zan fita ba tare da na taka ƙafar kowa ba. Fim ɗin ƙarshe kuma yakan kai dare sosai, trotro ya yi wuya, saboda haka ku haɗa kai mutum uku ko huɗu 'yan unguwa ɗaya ku tanadi kuɗin tasi tun daga gida.