Yadda Ake Binciken Raunuka Ta Waya A Kaduna

Masu fara aikin kiran jama'a a waya don tattara bayanai kan raunukan da suka ji sukan kwashe makonni suna shirya kwamfuta, sannan su rubuta tambayoyin cikin dare ɗaya. Daga nan aikin ke lalacewa.

A fara da lambobi. Kwamfuta za ta haɗo su barkatai daga layukan MTN, Airtel da Glo. Lambar salula ba ta nuna garin mai ita, don haka tambayar farko ita ce ƙaramar hukumar da mutum yake, cikin 23 na jihar. Kira da yawa zai faɗa Kano ko Legas, sai a tanadi kuɗin kati tun farko.

Bayan sallama, mai kira ya faɗi inda yake aiki, ya ce ba ya neman BVN ko NIN. In bai faɗa ba, za a ɗauke shi ɗan damfara a kashe waya. Sai neman yarda, kamar yadda dokar kare bayanai ta 2023 ta tanada.

Kada a ce "Ka taɓa jin rauni?" Ɗan Rigasa da ya faɗo daga babur ya goge gwiwa zai ce a'a, wani kuma ya kawo karayar shekara goma. A fayyace: raunin da ya kai mutum asibiti, kemis ko wurin mai ɗori, ko ya hana shi aiki yini guda. A taƙaita lokacin zuwa wata 3, domin ƙananan raunuka ba sa daɗewa a ƙwaƙwalwa. Ya fi kyau a jingina shi da abin da kowa ke tunawa, kamar Sallah ko faɗuwar damina. Sannan a bi ɗaya-ɗaya: babur, keke napep, ƙunar gas ko kalanzir, faɗawa rijiya, saran maciji.

Ra'ayi daban, aiki daban. Kowa zai ce hular kwano tana da amfani. A tambaya: "Malam, hawanka na ƙarshe a babur, ka sa ta?" In ya ce a'a, a bar shi ya faɗi dalili da bakinsa, zafi ne, tsada ce, ko ƙyamar hular da wani ya sa. Kuma kalmomin tambaya kada su canza daga wannan zagayen bincike zuwa na gaba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, na irin wannan bincike tun 1984, kuma maimaita tambayoyi ne ke ba ta damar kwatanta shekaru.

Mata su kira mata, in ba haka ba maigida zai amsa a madadin kowa, labarin ƙunar kicin ya ɓace.

Kada hira ta wuce minti 15. A kauce wa lokacin salla, in ba a ɗauka ba a sake kira har sau 5. A zuba amsoshi a manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox, a daidaita sakamako da yawan maza da mata da shekarun mutanen jihar, domin marasa waya ba su shiga ba. A kuma tambayi ko an yi rashi a gidan sanadin haɗari.