Yadda za ka samu tarba mai kyau a mashayun dajin Ostireliya ko da ba ka shan giya

Duk mai shirin shiga tsakiyar Ostireliya da mota ya sani tun yanzu, mashaya a can ba wurin sha kawai ba ce, zango ce. Nan ake shan mai, nan ake cin abinci, nan ake kwana, nan kuma za ka ji ko hanyar gaba ta yanke. Ka ɗauki hanyar Marree zuwa Birdsville, sama da kilomita 500 ce ta tsakuwa, kuma otal ɗin Mungerannie da ke tsakiya shi ne kusan kaɗai wurin tsayawa, to ka ga ko kana so ko ba ka so sai ka shiga.

Ka je tsakanin Afrilu da Satumba. Daga Disamba zuwa Fabrairu zafi na haura digiri 45, ba lokacin yawo ba ne sam. Ka buga waya tun kafin ka taso ka kama ɗaki, musamman Birdsville a farkon Satumba lokacin sukuwar dawakinsu, garin ƙarami ne amma dubban mutane ke cika shi. Sannan don Allah ka isa da sauran rana, domin da magariba kangaru da shanu ke fitowa kan hanya, ga shi kicin ɗin mashayun ba ya kai dare, yawanci wajen takwas an tashi.

In ka shiga kar ka nemi lungu ka zauna kana jiran a zo a tambaye ka, ba haka suke yi ba. Kanta za ka je ka yi oda ka biya, kuma in da kujera a kantar nan ka zauna, ka gaisa, ka tambayi yadda hanya take, wallahi wannan tambayar kaɗai ta isa ta buɗe hira, makiyayi da direban tirela da matuƙin ƙaramin jirgi kowa zai sa baki. A William Creek, wadda gonar shanun Anna Creek ta kewaye, bango da silin na mashayar garin duk katuna ne da huluna da baƙi suka liƙa, haka ma Daly Waters can arewa. Ka tambayi labarinsu, masu wurin na jin daɗin hakan.

Maganar sha kuwa, ka faɗa kai tsaye ba ka sha, ka karɓi lemo ko ruwan citta na kwalba irin na Bundaberg. Suna da al'adar zagaye, in wani ya saya maka to zagaye na gaba kai za ka saya wa tebur, kar ka sulale kafin naka ya zo. Wanda kuma ruwan inabi yake nema, ya tambayi na jihar Kudancin Ostireliya, na Barossa ko Clare, ya kuma tambaya yaushe aka buɗe kwalbar don zafi na saurin lalata shi.

Abinci ka yi tambaya, don naman alade kan shiga burga ba a faɗa ba. Kifin baramandi na Daly Waters ya wadatar da kai. Prairie Hotel da ke Parachilna kuma sun yi suna da naman raƙumi da kangaru, sai dai yankan halal ba abin sa rai ba ne a daji.

Ba sai ka ba da tukuici ba. In ka ga gwangwanin taimakon likitocin da ke zuwa da jirgin sama a kan kanta, masu kai ɗauki daji tun 1928, nan za ka jefa canjinka. In kuma ka biyo ta Marree, ka tambayi inda aka sake gina masallacin laka na Musulmi masu raƙuma, waɗanda suka yi dakon kaya a hanyoyin nan tun ƙarni na 19, yana nan cikin gari, da ƙafa ma za ka je.